Halin Kifi, Halin Gulbi: Tarihin Faɗa da Hayayyafa a Fadamar Rabah da Wurno

Tsofaffin masunta suna da wata ƙa'ida da ba a rubuta ba: idan damina ta yi nisa, ruwa ya shiga ciyawa, ba a kai hannu kusa da sheƙar yauni. Kifin da a cikin rani yake sulalewa da zarar ya ji motsin kwalekwale, shi ne a watan Agusta yake tsayawa daram a bakin ƙwansa, ya kai cizo ga duk abin da ya matso, ko da mutum ne. Kifin bai canza ba, haƙoransa ma haka. Abin da ya canza shi ne ruwan da yake ciki da abin da yake gadi.

Hausawa kan ce hali zanen dutse ne. Wataƙila haka ne ga ɗan Adam, amma ga kifi maganar tana buƙatar gyara. Binciken sama da shekara 100 ya nuna cewa zafin ran kifi, da lokacin da yake neman mace, da irin gidan da yake ginawa, da tsawon renon da yake yi wa 'ya'yansa, duk suna bin zurfin ruwa da haskensa, da irin ƙasar da ke ƙarƙashinsa, da yawan abokan hamayya. Saboda haka tarihin gulbi shi ne tarihin halin kifin da ke cikinsa. A gabashin Jihar Sakkwato kuwa, tsakanin Rabah da Wurno da Goronyo, an sake wa gulabe biyu hali cikin shekara 6 kacal, daga 1978 zuwa 1984. Abin da hakan ke nufi ga kifi, da kuma ga gidajen da tukunyarsu ta dogara da shi, shi ne batunmu a yau.

Kwarin kafin madatsu

Bari mu fara da taswira. Gulbin Sakkwato yana tasowa daga wajejen Funtuwa, ya bi ta Gusau da ƙasar Talatar Mafara, ya wuce ta gefen Rabah. Gulbin Rima kuwa ruwan Gagare da Bunsuru da Gulbin Maraɗi ne suka haɗu suka haife shi, ya gangaro ta Goronyo da Wurno. Gulaben biyu suna haɗuwa kusa da birnin Sakkwato, su nufi Argungu da Birnin Kebbi, su faɗa Kwara. Ke nan Rabah da Wurno maƙwabta ne, amma kowanne da gulbinsa.

Manyan Daular Usmaniyya sun san darajar wannan ƙasa. Wajen 1830 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗin Wurno a kan tudun da ke kallon fadamar Rima, a can ya rasu a 1837, a can kabarinsa yake. Bajamushe matafiyi Heinrich Barth ya sauka Wurno a bazarar 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya kuma sake biyowa a ƙarshen daminar 1854, wato ya ga kwarin a fuskokinsa biyu. Rabah ita ce garin da ake jingina wa Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, wanda ya yi sarauta daga 1873 zuwa 1877, kuma a nan aka haifi jikansa Ahmadu Bello, wanda ya zama hakimin garin a 1934 kafin a naɗa shi Sardauna.

Duk waɗannan mutane kalanda ɗaya suka sani. Ruwan sama yana sauka daga Yuni zuwa Satumba. Gulbi yana fara ɗagowa a Yuli, ya tumbatsa a Agusta da Satumba, ya malale a fadama, ya rufe ciyawa da gonakin shinkafa. Daga Oktoba sai ya fara janyewa, ya bar tafkuna a ƙananan wurare. Kafin bazara ta ƙare, yawancin gadon gulbin ya koma yashi, sai guraben ruwa jefi-jefi. Manomi yana bin wannan kalanda da shinkafa a damina, da albasa da dankali da rogo bayan ruwa ya ja. Kifi ma ita yake bi, sai dai a wajensa batun rai da mutuwa ne. A shekara guda yana rayuwa a duniya biyu: ɗaya mai faɗi, marar zurfi, cike da ciyawa da abinci, ɗaya kuma ƙuntatacciya, mai zafi, cike da yunwa da maƙiya.

Waɗanda suka rubuta abin da masunta suka sani

Ilimin halin waɗannan kifaye ya daɗe a bakin masunta kafin ya shiga littafi. Wanda ya fara rubuta shi dalla-dalla wani masanin dabbobi ne daga Jami'ar Kambirij ta Ingila, John Samuel Budgett. A daminar 1900 ya zauna a fadamar Kogin Gambiya, inda mutanen wurin suka taimaka masa ya gano sheƙunan kifaye uku da mu ma muke da su a Rima: yauni, bargi da gaiwa. Ya wallafa bayaninsa a 1901. Neman ƙwan wani kifin namu, gwando, ya kai shi har ƙasar Neja Delta a 1903, inda ya yi nasara, amma zazzaɓin da ya kwaso ya kashe shi a farkon 1904.

A shekarun 1950 binciken ya iso gida. Wani jami'in sashen kamun kifi na gwamnatin mulkin mallaka, M. J. Holden, ya yi shekaru yana ƙidayar kifayen da ke tafkunan rani na fadamar Gulbin Sakkwato, aka buga rahotonsa a Landan a 1963. Ya nuna cewa tafki ba ɗaya yake da tafki ba: mai gindin yashi da mai gindin laka sun bambanta a irin kifin da suke riƙewa da kuma yawansa. A 1967 Ma'aikatar Gona ta Jihar Arewa ta fitar da babban littafi a kan kifaye da sana'ar su ta Arewacin Nijeriya, wanda William Reed da abokan aikinsa suka rubuta, ciki har da Ibrahim Yaro, ɗauke da sunayen kifayen da Hausa da wasu harsuna. Daga baya Robin Welcomme, a littafinsa na 1979 a kan gulabe masu fadama, ya tattara shaidu daga nahiyoyi daban-daban, ciki har da na Holden, ya tabbatar da wata ƙa'ida: yawan kifin da ake kamawa a bana yana bin girman ambaliyar bara da ta bara waccan. Shekarar da ruwa ya yi faɗi kuma ya daɗe, ita ke haifar da kifin da za a ci a gaba.

Kowane faɗa da abin da ake gadi

Faɗa yana da tsada. Yana cin ƙarfi, yana jawo rauni, yana kuma ɗauke hankalin kifi daga giwan ruwa ko tsage da ke fakonsa. Masana halin dabbobi, tun daga aikin Jerram Brown a kan tsuntsaye a 1964, sun tsaya a kan cewa dabba tana kare wuri ne idan amfanin da ke cikinsa ya fi wahalar tsaronsa. Da wannan ma'auni za a iya karanta halin kifayen Rima ɗaya bayan ɗaya.

Tarwaɗa ba ta gina gida. Tana jiran daren da aka yi ruwa mai ƙarfi, gulbi ya hau sabuwar ciyawa, sai ta taru da yawa a ruwan da bai kai gwiwa ba. A nan mazan suke gwabzawa, da karo da cizo, amma faɗan na ɗan lokaci ne, kuma a kan mace ake yinsa. Wanda ya yi rinjaye sai ya lanƙwashe jikinsa a kan kan macen, ta watsa ƙwai masu danƙo su manne a ciyawa, kowa ya kama gabansa. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu ƙwan ya ƙyanƙyashe. Michael Bruton ne ya bayyana wannan tsari filla-filla a 1979, daga abin da ya gani a Tafkin Sibaya na Afirka ta Kudu. Tarwaɗa ba ta gadi domin ba ta da abin gadi: dabararta ita ce yawan ƙwai da saurin shiga wurin da maƙiya ba su riga sun iso ba.

Bargi akasin haka yake. Yana share fili mai zagaye a cikin ciyawa, faɗinsa kimanin mita ɗaya, ya tara karan ciyawar da ya cire ya yi katanga da su. Iyayen suna tsare ƙwan, bayan 'yan kwanaki kuma su fito da 'ya'yan a dunƙule, suna rakiyarsu. Yauni ya fi shi zuba jari. Yana saƙa sheƙa mai yawo a kan ruwa, ya zuba ƙwai kimanin 1,000, kowanne girmansa ya kusa santimita ɗaya, 'ya'yan kuma sukan yi kusan mako 3 a ciki kafin su fita. Ƙwai kaɗan, manya, a wuri guda: wannan dukiya ce da ta cancanci a zubar da jini a kanta, shi ya sa cizon yauni ya yi suna.

Gaiwa kuwa duniyoyin biyu ta raba wa halinta. Idan tafki ya ƙafe, takan nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da majinar jikinta, ta bar ƙaramar kafar numfashi, ta yi watanni tana rayuwa da naman jikinta. Da Bahaushe ya ce gaiwa jikinta take ci, gaskiya ya faɗa. Amma da ruwa ya dawo, namijin yakan tsaya a ramin da aka zuba ƙwai cikin ciyawa, yana kaɗa wutsiya domin sabon ruwa mai iska ya riƙa ratsa su, yana korar duk mai kutsowa. Halittar da ta yi rabin shekara kamar gawa ita ce ta zama mai gadi marar sassauci.

Sai karfasa, wadda ba iri ɗaya ba ce. A mafi shaharar irinta, Oreochromis niloticus, maza ne suke taruwa a wuri marar zurfi mai yashi, kowanne ya haƙa rami kamar kwano, ya ƙara launi, ya tsare iyakarsa da buɗe marfin kunne da turereniyar baki da baki. Mata suna zagayawa suna zaɓe. Wadda ta zaɓa sai ta zuba ƙwai a ramin, namiji ya barbare su, ta kwashe su a bakinta ta tafi, ta yi mako ɗaya zuwa biyu ba ta cin abinci. A wata irin kuma, Coptodon zillii, mace da namiji ne suke haɗa kai su tsare ƙwan a ƙasa. A ta uku, Sarotherodon galilaeus, duka biyun suna iya ɗaukar ƙwan a baki. Duk ukun ana samunsu a ruwayen Arewacin Nijeriya.

Kifi ɗaya, wuri daban

Mai karatu zai iya cewa wannan ai bambancin jinsi ne, kowane kifi da halin da aka halicce shi da shi. Hujjar da ta fi ƙarfi tana fitowa ne idan aka dubi jinsi ɗaya a wurare biyu, kuma an yi hakan a wasu tafkunan duniya da irin kifayenmu ko danginsu.

A Tafkin Ɗabariyya, wanda ake kuma kira Tekun Galili, akwai irin karfasarmu guda biyu. A 1992 Bruton da Moshe Gophen suka bayyana cewa Coptodon zillii da ke zaune a lungunan da iska ba ta kaɗawa, masu taushin ƙasa, tana haƙa gida mai ramuka da ɗakunan ɓoye 'ya'ya, ta daɗe tana zawarci da reno. Wadda ke gaɓar da igiyar ruwa ke duka, mai tsakuwa, ƙaramin gida take yi, ta taƙaita komai. A wannan tafkin dai, Sigal Balshine ta nuna cewa a wajen Sarotherodon galilaeus, wanda zai ɗauki ƙwai da wanda zai gudu ya bar ɗan'uwansa da reno ya danganta da yawan maza da mata a wurin. Idan mata sun yi yawa, namiji ya fi saurin tafiya neman wata. Idan maza ne suka yi yawa, macen ce ta fi samun damar zamewa.

A Tafkin Tanganyika akwai wani ɗan ƙaramin dangin karfasa, Astatotilapia burtoni, wanda Russell Fernald na Jami'ar Stanford ta Amurka ya shafe shekaru yana nazari tun daga shekarun 1970. Maza kaɗan ne suke da fili, su ne masu launi mai haske, masu faɗa, masu samun mata. Sauran sun dushe kamar mata, suna yawo cikin garke. Amma da zarar mai fili ya gushe, ko wurin ya birkice, cikin mintuna wani dusasshe zai ɗauki launi ya fara kora, cikin kwanaki kuma jikinsa ya shirya haihuwa. Sarauta ce ke kawo zafin rai, ita kuma sarautar fili ne ke bayar da ita.

Hasken ruwa ma yana da tasa rawar. A 1997 Ole Seehausen da abokan aikinsa suka nuna cewa a sassan Tafkin Biktoriya da ruwa ya gurɓace ya yi duhu, matan kifaye ba sa iya bambance launin maza sosai, sai launin mazan ya dushe, jinsunan da a da suke rarrabe suka fara cakuɗuwa. Wasu kifayenmu sun daɗe da samun hanyar kauce wa duhun ruwa. A 1951 Hans Lissmann ya gano cewa yauni yana fitar da raunanan igiyoyin lantarki ba ƙaƙƙautawa, yana gane abin da ke kewaye da shi ta hanyarsu. Dangin miligi ma haka suke, har da saƙon zawarci suke aikawa da lantarki. Da irin waɗannan kifaye ne Bajamushe Frank Kirschbaum ya yi gwaji a ɗakin bincike: ya riƙa ƙara zurfin ruwa, yana tsarma shi da ruwa marar gishiri, yana yayyafi daga sama kamar ana ruwan sama, sai ƙwai ya fara nuna a cikinsu. Wato jikin kifi yana karanta alamun damina kamar yadda manomi yake karanta gajimare.

Akwai misalai biyu da suka fi kusa da mu. Na farko, tsumburewar karfasa. Rosemary Lowe-McConnell ta lura tun a shekarun 1950 cewa Oreochromis niloticus a manyan tafkunan Gabashin Afirka ba ta fara haihuwa sai ta girma sosai, amma a ƙananan guraben ruwa tana haihuwa tun tana kimanin santimita 10. Inda rayuwa ba ta da tabbas, kifi yana gaggauta haihuwa ya bar girma. Na biyu, duk mai kiwon tarwaɗa a Sakkwato ko Kano ya san cewa ba ta zuba ƙwai a tanki da kanta sai an yi mata allura, domin tanki ba ya yin ambaliya. Binciken Thomas Hecht da abokan aikinsa a Jami'ar Rhodes ta Afirka ta Kudu ya ƙara da cewa 'ya'yan tarwaɗa sun fi cizon juna idan suna kaɗan a wuri mai haske, domin a nan kowanne yana iya riƙe ɗan yankinsa. Idan aka ƙara yawansu, aka rage haske, aka wadata su da abinci, faɗan iyaka yakan ragu. Ƙa'idar Brown ce dai take aiki a cikin tankin siminti.

Shekarun da aka sake kalanda

Farin farkon shekarun 1970 ya girgiza Arewa, kuma a 1973 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Aikinta na farko babba shi ne madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina, aka kammala a 1978, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450. Abin da aka fi tunawa da ita shi ne rikicin Afrilun 1980, lokacin da 'yan sanda suka murƙushe manoman da ke neman diyyar gonakinsu, rayuka da dama suka salwanta. Amma akwai wata asara da ta gangara a hankali zuwa ƙasan madatsar, ta hanyar da gulbin ke bi zuwa Rabah. Masanin labarin ƙasa William Adams ya bi ƙauyukan wannan kwari, ya wallafa sakamakonsa a 1985: ambaliya ta ragu a faɗi da zurfi da tsawon kwanaki, gonakin shinkafa da yawa sun koma na gero da dawa, noman rani na fadama ya ja baya, kamun kifi kuma ya faɗi.

A 1984, tsakiyar wani farin, aka kammala madatsar Goronyo a kan Rima, aka ƙaddamar da ita a 1992. Tsawon bangonta ya haura kilomita 12, kuma an tsara ta ta riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900, wato ninki biyu na Bakolori. Daga nan Wurno ta shiga halin da Rabah ta riga ta shiga: gulbinta ya koma yana bin umarnin ƙofa.

Adalci ne a faɗi amfanin. Ruwan Goronyo ne birnin Sakkwato yake sha a rani. Da shi ake noman shinkafa da alkama da albasa da tafarnuwa a tsakiyar kwarin Rima. Tafkin da ya taru a bayan bangon ya zama sabon wurin su. Sai dai idan aka ɗora abin da muka gani na halin kifi a kan yadda madatsa ke aiki, lissafin a bayyane yake.

Madatsa tana riƙe ruwan farkon damina domin ta cika cikinta, saboda haka alamar da tarwaɗa da miligi suke jira takan makara. Tana yanke ƙololuwar ambaliya, sai ciyawar da bargi da yauni suke saƙa gida da ita ta kasa nutsewa, ko ta nutse na 'yan kwanaki. Sheƙar da take buƙatar mako 3 ba ta da amfani a ruwan da zai janye cikin kwana 10. Bangon yana tare kifayen da suke haurawa sama domin haihuwa. Gaiwar da ta kwanta a tafkin da ruwa bai sake kaiwa ba, kwanciyarta ke nan. A cikin tafkin madatsar kuma, idan aka zuƙe ruwa da sauri, ramukan karfasa da ke bakin gaɓa sukan bushe a rana, mazan su koma su matsu a ɗan wurin da ya rage.

Shekaru biyu sun nuna iyakar abin ta kowane ɓangare. A Satumban 2010 ruwa ya fi ƙarfin Goronyo, ya kwararo ya cinye ƙauyuka da gonaki a ƙasashen Goronyo da Wurno da gaba, har ya yanke hanyar da ke zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A bazarar 2018 kuma hukumar madatsar ta bayyana cewa ruwan ya sauka zuwa kimanin kashi 10 cikin 100 na abin da aka gina ta ta riƙe. Ambaliyar da ke raya kifi mai hawa ce a hankali, ta zauna, ta janye a hankali. Wadda ta zo a dare ɗaya da ƙarfin tsiya tana tafiya da sheƙa da ƙwai kamar yadda take tafiya da ɗaki da rumbu.

Wa ke cin ribar sabon tsarin? Wanda gidansa ke bakinsa. Karfasa mai ɗaukar ƙwai a baki ba ta buƙatar ciyawa ko ambaliya, ɗan yashi da ruwa mai ɗumi sun ishe ta, kuma tana iya haihuwa sau da yawa a shekara. Haka aka gani a Kainji bayan an toshe Kwara a 1968, da kuma Tafkin Bolta na Gana: dangin karfasa suka ƙaru, dangin miligi suka ja baya. Idan kuma aka haɗa da raga mai ƙananan idanu da ke kwashe manya da ƙanana, aka riƙa kama manyan maza a filin zawarcinsu inda suka fi sauƙin samu, to an tura karfasar zuwa ga tsumburewa. Kwandon masunci zai iya cika, amma da kifin da bai kai tafin hannu ba.

Tsohuwar doka da sabuwar ƙofa

Magabata ba su san sunan Budgett ko Holden ba, amma dokokinsu sun dace da abin da waɗannan suka rubuta. A ƙasar Kabi da sauran kwarin, Sarkin Ruwa ne yake da ikon rufe gurbi da buɗe shi, kuma su na gayya, da homa da gora, ana yinsa ne a rani, bayan kifi ya gama haihuwa, 'ya'yansa sun tasa. Bikin Argungu, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, ya ginu ne a kan hana su a Matan Fada har zuwa ranar da aka buɗe. Ruwan da ke isa Matan Fada kuwa sai ya bi ta ƙofofin Goronyo da Bakolori.

Ikon da a da yake hannun damina da Sarkin Ruwa, yanzu wani kaso mai yawa nasa yana hannun injiniyan da ke riƙe da jadawalin sakin ruwa. Wannan ba abin baƙin ciki ne kaɗai ba, domin abin da hannu ya tsara hannu yana iya gyarawa. A arewacin Kamaru, madatsar Maga da bangayen da aka yi wa Kogin Lagon a 1979 sun busar da babban yanki na fadama. A 1994 aka sake buɗe wata mashigar ruwa da aka toshe, ruwa ya koma wani sashe, ciyawa da kifi da makiyaya suka dawo. A gida kuma, nazarin da Edward Barbier da Adams da Kevin Kimmage suka yi a farkon shekarun 1990 a kan fadamar Haɗeja da Nguru ya nuna cewa ruwan da aka bari ya malale a fadama, idan aka haɗa noma da su da itace, yana samar da amfani fiye da irinsa da aka karkatar zuwa babban aikin ban-ruwa na Kogin Kano.

Darasin ga Rima da Gulbin Sakkwato bai da wuyar faɗi. A shekarar da madatsa ta samu ruwa, a ware wani kaso a sake shi a Agusta da Satumba, ya hau a hankali, ya zauna makonni, ya sauka a hankali, tare da sanar da manoma tun da wuri. A guji zuƙe tafki farat ɗaya a lokacin da karfasa ke kan ramukanta. A bar wasu guraben ciyawa a fadama ba tare da an nome su ba. A mayar wa sarakunan ruwa ƙarfin rufe gurbi, hukuma ta tsaya musu a kan girman idon raga. Kowanne daga cikin waɗannan yana da farashi, kuma mai noman rani da mai shan famfo a birni suna da haƙƙin a ji ta bakinsu. Amma a teburin da ake raba ruwan, ya kamata a ajiye wa masunci kujera.

Yaunin da ke kai cizo a bakin sheƙarsa alama ce cewa ruwa ya zo a kan kari, ya kai zurfin da ake so, kuma zai daɗe har 'ya'ya su fita. Ranar da masuntan Rabah da Wurno suka daina gargaɗin 'ya'yansu game da wannan cizo, ba kifin ne ya yi laushi ba. Gulbin ne ya daina ba shi abin da zai tsare.